Daga Maraɗi Zuwa Boɗinga: Yadda Waƙar Zamani Ke Ƙetare Iyakar Najeriya da Nijar

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega, ya ratsa Boɗinga da Shagari, ba zai rasa ganin rumfunan masu cajin waya a kowace tasha ba. Sai dai ba caji kaɗai ake yi a irin waɗannan rumfuna ba. Nan ne matashi ke miƙa wayarsa ko memori a tura masa waƙoƙi, ya biya 'yan canji, ya koma Sifawa ko Dingyaɗi, Kajiji ko Dandin Mahe, da abin da zai saurara har kasuwa ta zagayo.

Abin da ake turawa sananne ne: waƙoƙin soyayya na situdiyoyin Kano da Kaduna, bege da wa'azi, tsoffin faya-fayen Narambaɗa da Ɗanƙwairo, bidiyon kokawar Nijar, wani lokaci har da kiɗan jitar Buzaye. Idan kuma mutum ya ƙetara ta Illela ya shiga Birnin Ƙonni ko Tawa, ya duba wayar sa'an wannan matashi, kusan abin da zai tarar ke nan. Ƙasa biyu, kuɗi iri biyu, makarantun boko iri biyu, amma kunne ɗaya.

Tambayar da ta fi muhimmanci ba wai ko waƙa tana ƙetare iyaka ba ce, don kowa ya san tana ƙetarewa. Tambayar ita ce: daga ina take tasowa, ina take nufa, wa ke cin ribarta, wa kuma ta bari a baya?

Maƙwabta biyu a gabashin duniya

Kafin a amsa, yana da kyau a leƙa wani yanki mai nisa inda aka daɗe ana wannan muhawara. Indonesiya da Malesiya maƙwabta ne, mafi yawan mutanensu Musulmi ne, harsunansu na hukuma kuma daga tushe ɗaya suka fito, har mutumin Kuala Lumpur kan ji waƙar mutumin Jakarta ba tare da tafinta ba. Turawan mulkin mallaka ne suka raba su: Holan ta riƙe ɗaya, Ingila ta riƙe ɗayar.

A shekarun 1970 wani salon kiɗa mai suna dangdut ya bunƙasa a Indonesiya, wanda Rhoma Irama ya zama sarkinsa. Kiɗa ne da ya haɗa tsohon salon Malayu da ganga da sarewa irin na finafinan Indiya. Bai tsaya gida ba, ya shiga Malesiya ya zauna daram. A ƙarshen shekarun 1980 iska ta ɗan juya, ƙungiyoyin kiɗan Malesiya irin su Search suka samu karɓuwa a Indonesiya, daga baya zabiya Siti Nurhaliza ta yi suna a can. Amma da aka shiga shekarun 2000, ƙungiyoyin Indonesiya irin su Sheila on 7 da Dewa 19 da Peterpan suka mamaye gidajen rediyon Malesiya, har a 2008 ƙungiyar mawaƙan ƙasar mai suna Karyawan ta nemi a ƙayyade yawan waƙoƙin Indonesiya da ake sakawa, don kada 'yan gida su rasa abinci.

Dalilin wannan rinjaye ba ɓoyayye ba ne. Indonesiya tana da mutane sama da miliyan 270, Malesiya kuwa wajen miliyan 35. Inda jama'a suka fi yawa, nan situdiyo suka fi yawa, nan gasa ta fi zafi, nan kuma kuɗin tallata waƙa yake. Najeriya mai mutane sama da miliyan 200 da Nijar mai sama da miliyan 25 kusan tazararsu ɗaya ce da ta waɗancan maƙwabtan: kowace babba ta ninka ƙaramar kusan sau takwas. Su ma harshe ɗaya ya haɗa su, Turawa biyu suka raba su, kuma kiɗan Indiya ya shiga jinin waƙar zamaninsu.

Iyakar da ta tarar da mutane

A ƙasar Sakkwato, iyakar baƙuwa ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa a Maratta aka haife shi a 1754, garin da yau yake cikin Jamhuriyar Nijar. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yanzu, daga wajen 1810 har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana zaune a Boɗinga. A wancan lokaci Adar da Ƙonni da Gobir ba ƙasashen waje ba ne, maƙwabta ne da ake auratayya da cinikayya da su, wani lokaci a yi yaƙi, wani lokaci a yi sulhu.

Sai a 1898 Ingila da Faransa suka zauna suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, suka ce nan ne iyaka. Suka sake gyara ta a 1904 da 1906, domin Faransawa su samu hanyar da ke da ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Haka aka wayi gari Gobirawan Tsibiri suna wata ƙasa, na Sabon Birni suna wata. Katsinawan Maraɗi a can, na Katsina a nan.

Makaɗa ba su taɓa ɗaukar wannan layi da muhimmanci ba. Ibrahim Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kiɗan kotso, masu binciken tarihinsa sun danganta asalin mahaifinsa da Filinge ta Nijar. Mamman Gawo Filinge kuwa, duk da ɗan Nijar ne, dattawan Boɗinga da Shagari sun san muryarsa kamar yadda suka san ta Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ko ta Ɗan Anace mawaƙin 'yan dambe. Makaɗin fada ko na maza yakan ɗauki yaransa bayan girbi ya bi garuruwa, inda duk aka san darajar kirari nan ne gidansa.

Ko takaddama kan halaccin kiɗa ba sabuwa ba ce a wannan yanki. A zamanin zaman Sifawa da Boɗinga, Shehu da Malam Abdullahi sun yi rubuce-rubuce a kan batun, Shehu ya ɗan sassauta a littattafansa na wannan lokaci yana nuna cewa malamai sun saɓa, ƙanen nasa kuma ya tsaya a kan tsanantawa. Amma dukansu biyu, da Nana Asma'u a bayansu, da waƙa suka isar da karatu ga talakawa. Al'adar ta ɗore har zuwa kan Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, wanda tun yana malamin makaranta ya rubuta Waƙar Najeriya don koyar da yara labarin ƙasa da tarihi. Wato mutanen wannan yanki sun san ƙarfin waƙa tun kafin a ƙirƙiro rediyo.

Lokacin da iska ke kaɗowa daga arewa

A zamanin rediyo da kaset, zirga-zirgar ta kasance ta ba-ni-in-ba-ka. Rediyon Tarayya na Kaduna yana isa Maraɗi da Damagaram a kan gajeren zango, Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge suka zama 'yan gida a can. Su kuma mutanen ƙasar Sakkwato, baya ga Rima Rediyo, suna kama Muryar Sahel ta Yamai. 'Yan cin rani daga Adar da ƙasar Arewa ta Nijar, masu shayi da masu ga-ruwa da masu gadi, kowa na tafe da kaset ɗinsa.

Nijar ta wancan lokaci ta fi Arewacin Najeriya zuba jari a kiɗan zamani na harsunan gida. Gwamnatin soja ta Seyni Kountché ta raya ƙungiyoyin samariya da bukukuwan matasa na ƙasa, aka gina gidajen matasa da al'adu a manyan garuruwa. A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, fitaccen makaɗin nan na Tawa. A irin wannan yanayi ne su Mamman Barka suka yi suna, aka ga gurmi ya hau dandamali tare da jita da gangar Turawa.

Wanda ya fi kowa girgiza Arewacin Najeriya a cikinsu shi ne Sa'adu Bori na Maraɗi. A shekarun 1990 ya ɗauki amon kiɗan bori ya ɗora a kan kayan kiɗan zamani, kaset-kaset ɗinsa suka cika tashoshin mota da gidajen biki daga Sakkwato har Kano. A 1994 shi da Musa Fusi suka fitar da faifan Niamey Twice, wanda ya kai sunansu Turai. Ya rasu a 2008, amma ya bar shaidar cewa ƙaramar ƙasa ma tana iya juya kunnen babba idan ta zo da abin da babbar ba ta da shi.

Haka kokawa. Tun 1975 Nijar take shirya gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa, kuma kiɗa da kirarin da ke raka 'yan kokawa fili sun daɗe da samun masoya a Sakkwato da Kabi. Har gobe, da zarar an fara gasar, bidiyonta kan zagaya wayoyin matasan karkara kafin a rufe fili.

Kano ta karɓe kasuwa

Abin da ya sauya lissafi shi ne fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa da suka yi kasuwa. Kafin ƙarshen shekarun nan masana'antar ta samu sunan Kannywood, fim ɗin Sangaya kuma ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da fim. Salon da aka ɗauko na Indiya ne: saurayi ya yi baiti, budurwa ta amsa, a yi rawa a canza tufafi. Ba abin mamaki ba ne, domin tun shekarun 1960 gidajen silima na Arewa suke nuna finafinan Indiya, har masu bege na bandiri a Kano suka riƙa aron karin waƙoƙinsu suna yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Sirrin wannan salo shi ne arha. Makaɗin gargajiya yana buƙatar ayari: masu kalangu ko taushi, 'yan amshi, sanƙira, kuɗin mota da abinci. Mawaƙin zamani kuwa mutum ɗaya yake buƙata, mai kiɗa da fiyanon Yamaha da kwamfuta a ɗaki guda. Na'urar gyaran murya tana rufe aibin wanda muryarsa ba ta kai ba. A yini ɗaya an gama waƙa, washegari tana wayoyi. Da haka aka samu su Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Ado Gwanja, sannan Hamisu Breaker, wanda waƙarsa Jaruma ta cika kafofin sada zumunta a 2020 daga Kano har Yamai.

Da kasuwa ta koma Kano, sai masu basira suka bi ta. Binta Labaran, wadda duniya ta sani da Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi ce, amma a Kano ta zama gimbiyar mawaƙa. Akwai 'yan wasa da mawaƙa da dama 'yan Nijar da suka bi wannan hanya. Ga Nijar wannan abin alfahari ne da kuma asara a lokaci guda: sunan nata ne, amma situdiyon da mai kiɗan da ɗan kasuwar duk na Kano ne.

Abin da Sakkwato ta ba duniya ba ta sani ba

A 2008 wani matashi Buzu daga jihar Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya shiga situdiyo ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar. Waƙoƙin da harshen Tamashek ne, jitar ta Buzaye ce, amma gangar kwamfuta da murya mai karkarwa ta na'ura duk irin na waƙoƙin finafinan Hausa ne. A lokacin ba a kai faifan kanti ba. Ta Bluetooth da memori ya yaɗu daga waya zuwa waya, har ya isa arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ci karo da shi. A 2011 kamfaninsa Sahel Sounds ya sa ɗaya daga cikin waƙoƙin a wani kundi na kiɗan da aka tsinto daga wayoyin mutanen Sahara. Yau Mdou Moctar yana cika manyan dandamali a Amurka da Turai, faifansa Afrique Victime na 2021 kuma ya samu yabo a jaridun duniya.

Wannan labari ya nuna abu biyu. Na farko, tasirin salon Kano bai tsaya a kan Hausawa ba, ya shiga har kiɗan Buzaye. Na biyu, Sakkwato tana zaune a mahaɗar hanyoyi: ita ce babban birni a Najeriya mafi kusa da Ƙonni da Tawa. Amma da wuya a samu matashi a Boɗinga, mai tazarar ƙasa da awa guda daga inda aka ɗauki wannan faifai, da ya san cewa a jiharsa aka yi shi.

Gidan biki ya sauya

A karkarar Boɗinga da Shagari, inda aka fi ganin sauyin shi ne gidan biki. A da, bikin da ya amsa sunansa sai da makaɗan kalangu ko zabiya da masu kiɗan ƙwarya, a yi liƙi, a wasa dangin ango da na amarya kowa da kirarin gidansu. Manoma suna da kiɗan gayya, mahauta suna da nasu, maƙera da nasu. Yanzu a gidaje da yawa mai sa kiɗa da na'ura, wato dije, shi ake ɗauka, ya zo da janareta da manyan lasifikoki. Masu hali kuma sukan aika sunan amarya da ango situdiyo a yi musu waƙa ta musamman. Iyaye kan ce ya fi sauƙi, 'yan mata kan ce shi ake yayi, makaɗin gargajiya kuma ya koma jiran bikin sarauta ko lokacin siyasa.

Akwai kuma batun karin harshe. Sakkwatanci ya fi kusa da Hausar Adar da Gobir da Arewa fiye da yadda yake kusa da Kananci. Bamaraɗe ko Ba'adare in ya yi magana, mutumin Shagari ba ya jin baƙunta. Amma waƙar situdiyo kusan duk da Hausar Kano ake yin ta, har mawaƙin da ya tashi a Sakkwato ko Maraɗi yakan ajiye karin gidansu a ƙofar situdiyo don ya samu kasuwa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da harshen yamma suka yi waƙa, duk ƙasar Hausa ta saurara ta haddace. Jikokinsu kuwa suna ganin sai sun ari bakin wani.

A nan ne lamarin ya sha bamban da abin da taswira ke nunawa. In ana maganar waƙar zamani, Boɗinga da Shagari ba sa gefen masu fitarwa don kawai suna cikin Najeriya. Gefe ɗaya suke da Ƙonni da Madawa da Dogon Dutsi: masu saye ne, ba masu sayarwa ba. Iyakar da ke aiki a harkar ba ta Illela ba ce, ita ce wadda ta raba garuruwan da ke da situdiyo da jari da waɗanda ba su da su.

An rufe ƙofa, waƙa ta wuce

Sau uku cikin shekara arba'in ana rufe wannan iyaka na dogon lokaci: daga 1984 zuwa 1986, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sai kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, har zuwa Maris na 2024. Kowane karo 'yan kasuwar albasa da dabbobi da hatsi sun ji jiki. Mawaƙan da kan je wasan Sallah a Maraɗi da Damagaram da Yamai su ma sun yi asara, musamman da yake tun faɗuwar darajar naira daga 2023, wasan da za a biya da sefa ya ƙara daraja, tunda sefa a ɗaure take da yuro. Amma waƙar kanta ba ta tsaya ba. YouTube da TikTok da WhatsApp ba su da shingen kwastan, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 kuma tauraron ɗan'adam ke kai ta gidajen ƙasashen biyu.

Barazanar gaske ta wani gefen ta ɓullo. A ƙananan hukumomin Tangaza da Gudu da ke bakin iyaka, an ba da rahoton cewa 'yan bindigar da ake kira Lakurawa sukan binciki wayoyin matasa su hukunta wanda suka samu da waƙa. A wasu ƙauyukan jihar kuma, tsoron hari ya sa an daina kiɗan dare, biki ya koma na rana a gaggauce. Dije yana iya naɗe wayoyinsa ya koma birni. Makaɗin da sana'arsa ta dogara da dandalin ƙauye ba shi da inda za shi.

Ina mafita?

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, matakin da zai iya ƙara wa waƙar Hausa fili a rediyo da talabijin na can, ya kuma sa mawaƙanta su nemi tsayawa da ƙafafunsu. Ko da wata rana wani ya kawo shawarar ƙayyade waƙoƙin maƙwabta kamar yadda aka nema a Malesiya, da wuya ta yi tasiri, domin yau mai waya ne ke zaɓar abin da zai ji, ba mai gabatar da shiri ba.

Abin da zai yi amfani ya fi wannan sauƙi. Gidajen rediyon Sakkwato suna da tsoffin faya-fayen makaɗan yankin da ya kamata a juye su a kwamfuta kafin su lalace. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da masana da suka daɗe suna nazarin waƙar baka, waɗanda za su iya haɗa hannu da takwarorinsu na Yamai da Maraɗi a tattara abin da ya rage a bakin tsofaffin makaɗa a Danchadi da Sanyinnawal da Filinge. Masu situdiyo a Sakkwato kuma su daina kwaikwayon Kano baiti da baiti, su shigo da mai kotso da mai gurmi da mai goge ɗakin ɗaukar murya, a biya su haƙƙinsu, a bar mawaƙi ya rera da karin da ya tashi da shi. Sa'adu Bori da abin gidansu ya ci kasuwar Najeriya, Mdou Moctar ma da abin gidansu ya ci ta duniya. Masu jin Hausar yamma, daga Yawuri zuwa Tawa, miliyoyi ne, kuma har yanzu ba a samu wanda ya ɗauke su a matsayin kasuwa guda ya yi musu waƙar zamani da bakinsu ba.